Sai Bayan Ruwa Ya Janye Talaka Ke Nitsewa

Duk shekara, da zarar watan Agusta ya raba, mun san labaran da za su cika gidajen rediyo: kogi ya tumbatsa, jinga ta ɓalle, gidaje kaza sun rushe, mutum kaza sun riga mu gidan gaskiya. Manya su zo jaje, a raba shinkafa da tabarmi da gidan sauro, a koma. Kafin a gama yankan gero maganar ta mutu. Ni kuwa abin da aikin malamin gona ya nuna mini a ƙauyukan kwarin Haɗeja shi ne, ranar da ruwa ya ci gari ba ita ce ta fi yi wa talaka nauyi ba. A ranar kowa nasa ne. Maƙwabci zai ba shi zaure, makarantar firamare za ta buɗe masa aji, wanda bai taɓa sani ba zai miƙo masa kwanon tuwo. Nauyin yana zuwa ne wata huɗu ko biyar bayan haka, lokacin da ƙasa ta bushe, rumbu ya zama wayam, mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar gida. Wannan asarar ba ta shiga rahoton hukuma, alhali ta nan ne sauyin yanayi ya fi cin talaka.

Kada wani ya ce manomi bai san yanayi ya sauya ba. Ya sani tun kafin maganar ta shiga jarida. Iyayenmu suna yin binne da ƙarfin gwiwa, su zuba iri a busasshiyar ƙasa a ƙarshen bazara, don sun san idan ruwan farko ya sauka na biyu ba zai yi nisa ba. Yau ruwan farko kan zo da ƙarfi, shuka ta fito kore shar, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone a tsaye. A sake shuka. Sai kuma a tsakiyar marka ruwan da ya kamata ya rarrabu cikin wata guda ya zubo a dare ɗaya ko biyu. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sukan ce gara yawan ruwa da rashinsa, kuma ina fahimtar su, don wanda ya ga shanu suna faɗuwa a bakin rijiya ba zai taɓa ƙin ruwa ba. Gaskiya ne damina ta farfaɗo tun daga shekarun 1990. Sai dai ba irin wadda ta tafi ce ta dawo ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hayaƙin man fetur da gas da kwal da ake ƙonawa tun farkon zamanin masana'antu ya taru a sararin samaniya yana riƙe zafin rana, har duniya ta ƙara ɗumi da fiye da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas. Shekarar 2024 ta zarce duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye bayanai. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, takan iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari, abin da ta ɗauka kuwa wuri guda take juye shi. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano cewa yawan aukuwar hadari mai tsananin ƙarfi a yankin Sahel ya ninka sau uku. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, masanan ƙungiyar World Weather Attribution sun auna ta, suka ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan damina kusan sau 80.

A shekarar ce kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talaucin da ya haɗa rashin abinci da ilimi da lafiya da muhalli, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke. A kan waɗannan mutane wannan ruwa yake sauka. Bari in nuna yadda abin yake a gida ɗaya, don alƙaluma ba sa nuna shi.

Ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, yana da gonar tudu guda da 'yar fadama da ya gada. A daminar 2022 shukarsa ta farko ta ƙone, irin da ya killace tun kaka ya tafi a banza. Na biyu sai da ya saya a kasuwa, a watan da hatsi ya fi kowane lokaci tsada, kuma akuyar matarsa ce ta biya. Lokacin noman firi ya zo abinci ya ƙare a gida, don haka shi da samarinsa biyu suka shiga ƙwadago a gonar wani mai hali daga safe zuwa azahar, sannan su nufi tasu da ragowar ƙarfi. Ciyawa ba ta jira su ba. Buhun taki ya fi ƙarfinsa, sai ya auno 'yan mudu ya barbaɗa wa shinkafar fadama, don a kanta duk fatansa yake. A kanta kuma ya ci bashin buhun dawa, a kan zai biya da shanshera idan kaka ta yi. Shinkafar ta yi kyau, ta fara fitar da kai. A watan Satumba ruwa ya zo ya kwanta a kanta makonni, da ya janye babu abin da ya bari sai ruɓaɓɓen kara da warin laka.

An kawo tallafi, ya sami rabonsa, iyalinsa suka ci na 'yan kwanaki. Da rani ya yi nisa na je gaishe shi, na same shi a gindin dalbejiya yana tufka igiya. Bayan gaisuwa na ce, "Baffa, na biyo ta fadama na ga albasa ta yi kyau. Ashe ka sami injin ban-ruwa?"

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ɗana, fadama tana nan inda ka san ta. Sai dai ba ni ke shiga ba. Na jinginar."

Na ce, "Haba Baffa, ai da ka aiko mini."

Ya ce, "Kai ma da naka iyalin. Mai bashi kuwa ba ya jiran kaka ta biyu."

Wanda bai san ƙauye ba zai ɗauka jingina ƙaramin abu ne, tunda ba sayarwa ba ce. A ƙa'ida, ranar da ka mayar da kuɗi gonarka ta dawo. Amma da me za ka tara kuɗin, bayan gonar da ke kawo su ita ce ta bar hannunka? Fadama ita ce ke ba manomi noma na biyu a shekara: albasa, tumatir, tattasai, alkama. Wanda ya rasa ta ya koma dogaro da damina kaɗai, daminar da ta daina cika alkawari. Samarin Baffa sun yi wannan rani suna ban-ruwa a gonar kakansu ana biyansu kuɗin yini. Babban ya tafi ci-rani kudu, kuma da damina ta kewayo bai dawo ba, don babu abin da zai dawo ya noma da zai riƙe gida biyu.

Ban ga laifin wanda ya karɓi jinginar ba. Ya ba da kuɗi a lokacin da babu mai bayarwa, kuma shi ma ruwa ya ci masa gona, wadda ta ninka ta Baffa girma. Bambancin shi ne yana da gona a tudu da kwari, yana da shanu, yana da shago a kasuwa, yana da ɗa mai albashi a birni. Gare shi asarar shekara guda ce, ya mayar da ita kafin azumi. Ga Baffa asarar gado ce. Ruwa ɗaya ya sauka a kansu, amma da ya janye sai gona ta tashi daga hannun marar ƙarfi ta koma hannun mai ƙarfi, ba tare da an zalunci kowa a gaban alƙali ba. Idan irin wannan shekara tana zuwa sau ɗaya a shekara goma sha biyar, dangi da gayya da adashi za su iya tayar da wanda ya faɗi. Idan ta koma zuwa bayan shekara biyu ko uku, waɗanda za su tayar da shi su ma a ƙasa suke.

A cikin gida kuwa mata ne ke fara biya, ba tare da an ji bakinsu ba. Akuya da kaji a ƙasar Hausa galibi na mace ne, su ne asusunta na haihuwa da rashin lafiya da bikin 'yarta. Su ake fara kai wa kasuwa, a lokacin da kowa ke kai nasa, farashi ya faɗi warwas. Bayan su sai kayan ɗaki, sai keken ɗinki idan akwai. Uwa ce ke cewa ta ƙoshi don tuwo ya isa yara. Yarinyar da ke aji biyar ita ake cirewa ta ɗauki farantin talla, wani lokaci kuma a gaggauta aurenta don a rage baki ɗaya. Ruwan da ya kwanta ya haɗa rijiya da masai, sai amai da gudawa. Ya ƙyanƙyashe sauro, sai zazzaɓi. Yaron da zazzaɓi ya kayar kuma babu abinci mai gina jiki, sai tamowa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗin magani ne, kuɗin maganin kuma wani bashin ne.

Talakan birni bai tsira ba. A daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. Ruwa ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, ya mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Da yawa daga cikinsu mutanen da rikicin Boko Haram ya koro ne daga garuruwansu, waɗanda suka shafe shekaru suna haɗa ɗan jari daga babu. Sansanin Bakassi da aka rufe a 2021 sai da aka sake buɗe shi. Ɗan kasuwar da kuɗinsa ke banki ya yi asarar kaya. Mai ƙosai da mai injin markaɗe da tela kuwa, jarinsu duka a ɗakin da suke kwana yake, kuma ɗakin na ƙasa ne. A Mokwa ta jihar Neja, ranar 29 ga Mayun 2025, kwanaki kaɗan kafin babbar sallah, ruwa ya share Unguwar Hausawa da Tiffin Maza da asuba. An tabbatar da mutuwar fiye da mutum 150, wasu da dama ba a gan su ba, cikinsu har da almajirai. Daminar 2024 da ta ci Maiduguri ita ce kuma ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta rusa tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19, ta kashe fiye da 500 a Chadi.

Bayan kowace irin wannan masifa sai ka ji ana tambaya: me ya kai su gini a hanyar ruwa? Amsar kowa ya san ta. Filin da ke kwari shi ne mai araha, ɗakin haya na bakin kwata shi ne wanda ɗan dako zai iya biya. Ba wanda ke zaɓar bakin rafi ya kwantar da 'ya'yansa idan yana da kuɗin tudu.

Akwai kuma kisan da ba ya zuwa da hoto, wato zafi. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan. Mu ma a Kano da Sakkwato da Maiduguri mun ɗanɗana wannan bazara. Mai hali yana da na'urar sanyaya ɗaki da janareto ko faifan sola. Ɗan garuwa da mai tura baro da lebura a wurin gini ba su da damar cewa yau rana ta yi yawa, don yinin da ba su fita ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Da dare su koma ɗakin rufin kwano marar silin, wanda ya sha rana tun safe, babu wutar lantarki, jiki bai sami sanyin da zai huta ba gari ya waye. Tsoho mai hawan jini da jariri su ne ke fara tafiya, a ce ajali ne, a yi jana'iza. Babu mai rubuta cewa zafi ne sanadi.

Abin da ya fi ɓata mini rai a duk wannan magana shi ne yadda ake juya laifin kan wanda abin ya ci. Duk taron ranar muhalli sai an ja kunnen talaka ya daina sare itace. Ban musa ba, sare itatuwa yana tsiraita ƙasa, iska ta kwashe ta, ruwa ya zaizaye ta, na gani da idona. Amma a faɗi gaskiya duka. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da duniya ke fitarwa daga man fetur da kwal ba. Ba'amurke ɗaya yana fitar da kusan tan 14 a shekara, ɗan Najeriya kusan rabin tan, ɗan Nijar kusan kashi ɗaya cikin goma na tan. Matar da ke hura murhu da kara da kashin shanu ba ita ta ɗumama duniya ba. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na gas da na kalanzir suka tashi, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, gidaje da yawa da suka fara girki da gas sun koma gawayi. Manyan motocin da ke fita daga dazuka shaƙe da buhunan gawayi kuwa ba na talaka ba ne, shi dai ɗan ƙwadago ne a cikin sana'ar.

Wanda ke son ganin abin da talaka zai iya yi da itace idan aka bar masa, ya leƙa Maraɗi da Damagaram. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman can suka koma abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a share gona fes, sai a bar kututturen da ke tofo, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su daga awaki. Ba gandun renon itatuwa, ba tankar ban-ruwa. Ta haka kusan hekta miliyan 5 suka farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo ya dawo gonaki, itacen da ke zubar da ganye da damina ya zama taki, ya yi ganye da rani ya ba da inuwa, 'ya'yansa su ciyar da dabba. Abin da ya sa aikin ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ba wanda zai ci shi tara idan ya sari reshe. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya shafi jihohi 11 na Arewacin Najeriya, da ya ɗauki wannan darasi da muhimmanci, da dashen da nake gani yana bushewa a bakin hanya bayan an gama biki ya ragu.

Mu Musulmi mun yi imani da ƙaddara, kuma wannan imani shi ke riƙe zuciyar mutum irin Baffa kada ta karye. Ba zan taɓa raina shi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai riƙe da amanar jama'a ya ɓuya a bayansa. Saukar ruwa daga Allah ne. Madatsar da aka bari ba gyara, da magudanar da ta cika da yashi da leda, da filin hanyar ruwa da aka yanka aka sayar, waɗannan aikin hannun mutum ne, kuma akwai ofishin da ke da alhakin kowanne. Bayan Alau ta ɓalle gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta. Da an kashe wani yanki na wannan kuɗi tun kafin daren nan, da lissafin ya bambanta. A kwarin Haɗeja, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogi ta sauya, ruwa ya koma zama a wasu hanyoyi rani da damina, ciyawar kacala ta samu wurin yaɗuwa ta toshe su, yashi ya taru. Idan babban ruwa ya zo bai sami hanyarsa ba, sai ya bi ta gonakin Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma. An fara aikin yashewa da injuna, abin a yaba ne, amma kacala ba ta hutu, don haka aikin ba na shekarar da aka yi ambaliya kaɗai ba ne.

Kuɗin irin wannan aiki akwai shi a takarda. Tun 1981 aka kafa asusun kula da muhalli, ana cire masa kaso daga asusun tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi suna da rabonsu. An kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a 2021. Ina so a nuna mini jiha guda a Arewa da manomi zai iya zuwa sakatariyar ƙaramar hukumarsa ya ga an manna abin da ya shigo na muhalli a bara da jingar da aka gina da shi.

Gargaɗi ma ana yi. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA kuma tana lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Aiki ne mai kyau, kuma sau da yawa yana dacewa. Matsalar ita ce ƙarshen saƙon kullum ɗaya ne: mazauna bakin kogi su koma tudu. Tudun wa? Da kuɗin motar wa? Su ci me a can, su bar wa wa gero da ya kusa nuna? Gargaɗin da ba a haɗa shi da wurin sauka da ɗan guzuri ba, ga mai hali shawara ce, ga talaka ƙarin fargaba ne kawai.

Ƙasashen da suka ƙona mafi yawan man su ma akwai bashi a wuyansu. A taron Kofanhegan na 2009 sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. An ce sai a 2022 aka cike adadin, kuma mafi yawansa rance ne da za mu biya. A taron Sharm el-Sheikh na Masar a 2022 aka amince da asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa, a Dubai a 2023 aka yi masa alkawarin kusan dala miliyan 700. Ƙiyasin Bankin Duniya na ɓarnar ambaliyar 2022 a Najeriya kaɗai ya haura dala biliyan 6. Wakilanmu su ci gaba da neman wannan haƙƙi da babbar murya. Sai dai wanda bai iya bayyana yadda ya kashe na gida ba, muryarsa ba ta da nauyi idan ya je neman na waje.

Abin da nake kira a kai ba shi da tsada kamar yadda ake zato, lokaci ne kawai yake buƙata a kiyaye. Ƙasar da ambaliya ta janye daga kanta tana riƙe da danshi da sabon taki. Manoman Borno sun daɗe suna dasa masakwa a firgi idan ruwa ya janye, namu na fadamun Haɗeja da Nguru suna bin bayan ruwa da wake da kayan lambu. Tagar ba ta wuce 'yan makonni. Manomin da aka ba irin wake mai saurin nuna da ɗan kuɗin aiki a watan Oktoba zai girbe abin da zai hana shi jinginar da gona. Wanda aka kawo wa buhun shinkafa a watan Janairu ya riga ya sa hannu. Haka nan ɗan kuɗin da aka tura wa magidanci ta waya mako guda kafin ruwa ya iso, ya kwashe iyali da awaki da hatsi, ya fi ninkinsa amfani bayan komai ya tafi. Rancen noma na gwamnati kuma, idan hukuma da kanta ta tabbatar ruwa ya ci gonar, a ɗage biyansa zuwa wata kaka, a daina bin wanda ruwa ya tsiyata da takardar sammaci. Tun 1987 muke da hukumar inshorar noma, lokaci ya yi da ƙaramin manomi zai san tana nan.

Akwai kuma wanda ba sai mun jira Abuja ba. Masu bashin da suka kasa biya suna cikin mutum takwas da shari'a ta ba su haƙƙi a zakka. Masarautunmu da dama suna da kwamitocin zakka, kuma masu noman rani da damina ta bar su da riba suna fitar da nasu kaso. Ina roƙon malamanmu da hakimai da dagatai su duba yiwuwar ware wani kaso don fansar gonakin da aka jinginar saboda ambaliya ko fari. Dagaci ya san kowace gona da mai ita da wanda ke riƙe da ita. Mudu goma na hatsi yana ciyar da gida mako guda, gonar da aka fanso kuwa tana ciyar da shi har jikoki, kuma tana dawo da saurayin da ya tafi ci-rani.

Gwamnonin jihohin da ke bakin kogunan Haɗeja da Rima da Binuwai da Neja su buga abin da suka karɓa na asusun muhalli da abin da suka yi da shi tun kafin hadari ya fara haɗuwa, 'yan majalisun jihohi su tambaya idan ba a buga ba. Kai kuma mai karatu, idan a danginku ko unguwarku akwai wanda ruwa ya ci wa gona ko jari bara, jajen da ka yi masa a lokacin bai wadatar ba. Ka koma yanzu ka tambaye shi nawa ake bin sa, kuma a hannun wa gonarsa take.